Gishirin da Mitsuno Ba Ta Ci Ba

Idan ka kai wa Kagaya Mitsuno kyautar tuffa, sai ta juya ta sama da ƙasa tana neman inda tsutsa ta shiga. In ba ta samu ba, sai ta ɗago kai ta fara juya ka kai ma, tana neman abin da ya kawo ka. Haka ta zo ƙauyenmu na Ishibuchi tana amarya, haka ta tsufa a cikinsa. Ni Fukiko, da shinge ɗaya ya raba gidana da nata, na fi kowa shan wannan hali. Ta zargi mai kawo wasiƙa da ɗaga ambulan a rana don ya karanta abin da ke ciki. Ta zargi mai kifi da danna sikeli da ɗan yatsa. Ni kuwa ta yi shekara guda tana gaya wa mutane wai na jera itacen girkina a jikin shinge ne don in tare wa kabejinta rana. Na kwashe itacen, amma ban yafe ba, kuma ta sani.

Abu ɗaya ne a duniya ba ta juyawa, shi ne kwalin da ɗanta Tatsuo yake aiko mata daga birnin Sendai duk wata. Wannan kam da hannu biyu take karɓa, ta kai shi gaban hoton mijinta, sannan ta buɗe.

Amma duk wanda ya zage ta da hali, a kan gakko, abincin ajiyarmu na hunturu, sai ya yi shiru. In kaka ta ja baya, kafin dusar ƙanƙara ta toshe hanya, za ta tone daikon ɗinta, wasu saiwoyi farare dogaye kamar damtsen mutum, ta ɗaure su da igiya ta rataye a ɗakin hayaƙi da ke bayan gida. Sai ta hura wutar itacen ceri a ƙasa, ta yi kwana da kwanaki tana lallaɓa wutar har su yi ja, su yi laushi. Daga nan ta binne su cikin dusar shinkafa da gishiri a manyan gangunan katako da ta gada wurin uwar mijinta, ta danne da dutse. Gishirin kuwa ba da cokali take zubawa ba, da tafi biyu take ɗiba. Mu a nan yankin Akita mun tashi mun tarar ana cewa abin da bai ji gishiri ba ba ya ganin ƙarshen hunturu. Nawa gakkon, in ta ɗanɗana, sai ta taɓe baki ta ce, "Fuki, wannan kika binne ko kika yi masa wanka?"

Gishirin da yake raya mu shi ne kuma yake kwashe mu, kowa ya sani, ba mai faɗa. Babu gidan da ba a taɓa cewa "ta same shi" ba, don ba ma kiran shanyewar jiki da sunanta. Ta sami Sakuji, mijin Mitsuno, a tsakiyar gonar shinkafa, da lauje a hannunsa. Kwana ɗaya kafin nan ya yi waya da Tatsuo, ya ce ƙeyarsa na yi masa nauyi. Tatsuo yana tsakiyar gyaran wani inji, ya ce, "Gajiya ce, Baba, ka kwanta ka huta." Wannan ita ce maganarsu ta ƙarshe. Ranar da aka ƙone gawar, ni na tarar da shi a bayan ɗakin hayaƙi, ƙato da shi, yana buga goshi a jikin katako yana cewa shi ya kashe ubansa. Tun daga ranar bai sake jin kalmar ciwon kai ya zauna lafiya ba.

Da hukuma ta fara turo ma'aikatan lafiya gida-gida suna tsoma wani ɗan ƙarfe cikin tukunyar miyar miso don su auna gishiri, Mitsuno ce ta koya wa duk layinmu dabara. Da an hango farar motarsu a kan gada, sai a tuttula ruwan zafi a tukunya. Shekara da shekaru ana rubuta cewa gidan Kagaya ya fi kowane gida kiyayewa, har aka ba ta kyautar tawul. Ranar da asiri ya tonu, wata sabuwar ma'aikaciya ce, Malama Hosaka, ta ajiye motarta a bayan tsauni ta shigo da ƙafa. Ɗan ƙarfen ya shiga miya, fitilarsa ta kai ƙurewa. Duk ƙauye aka yi ta dariya. Mitsuno ba ta yi ba. Ta ce ni na tsegunta.

A ranar ce kuma Malama Hosaka ta ɗaura mata abin awo a damtse, ta duba, ta sake aunawa, ta ce, "Kaka, jininki ya hau sosai. Gobe sai asibiti."

"Ya hau ina? Ni da shi muke kwana muke tashi, bai taɓa gaya mini zai hau ba."

"Ai shi ba ya sallama. Kisan mummuƙe yake yi."

"Ciwon da ba ya ciwo, 'yar nan? Ke dai faɗi gaskiya, nawa ake ba ku a kan kowace tsohuwa?"

Malama Hosaka yarinya ce mai sanyin rai, ban san inda ta samo shi ba. Ta fita tsakar gida ta ɗauko tiyon ban ruwa, ta kunna famfo. Ta ce gishiri ruwa yake riƙewa a jiki, in ruwa ya yi yawa a tiyo sai ya cika ya yi tauri. Ta matse bakin tiyon da yatsa, ruwan ya yi tsalle har kan rufi. Ta ce jijiyar tsoho kuma ta riga ta ƙanƙance ta bushe, to ga ruwa ya ƙaru, ga hanya ta matse, zuciya tana ta turawa. Wata rana sai inda ya fi rauni ya fashe, kuma inda ya fi rauni yana cikin kai.

Mitsuno ta kalli ruwan, ta kalli hoton Sakuji ta ƙofar da ke buɗe. Ta ce, "Kashe mini famfo."

Amma ta je asibitin. Aka fara ta da ƙwaya ɗaya, daga baya aka ƙara ta biyu. Ba ta taɓa riƙe sunayensu ba, sai ta raɗa musu nata. Ta farko, mai saki jijiya don hanya ta yi faɗi, ta kira ta Sarkin Hanya. Ta biyu, mai fitar da gishiri da ruwa ta fitsari, ta kira ta Hana Zama, don ta ce tun da ta fara sha ba ta taɓa ƙarasa shayi a zaune ba. Aka gaya mata ba a warkewa a daina, kullum ne, ko jiki da daɗi ko ba daɗi. Ta ce ai ta sani, wane ɗan kasuwa ne zai sayar da abin da ake saya sau ɗaya.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ta bar gishirin. Tatsuo ya zo ya durƙusa a gabanta, ya ce, "Inna, na binne ɗaya da sakacina. In ta same ki ke ma, ba zan iya ba." Daga ranar miyarta ta koma ruwan wanke tukunya. Ta ci gaba da yin gakko, don a wurinta kaka ba hayaƙi ba kaka ba ce, amma rabarwa take yi. Jinin kuwa ya sauka, har likita ya yaba.

Sai dai akwai farantin Sakuji. Kullum da safe takan ajiye masa 'yar shinkafa da shayi da yankan gakko a gaban hotonsa, don a rayuwarsa bai taɓa karya kumallo ba shi ba. Abin da aka sauke daga gaban mamaci kuwa ba a zubarwa, sai wani ya ci. To ni da jinina bai taɓa hawa ba, ni na zama mai ci. Rana na ɗagawa za ta miƙo mini ɗan farantin ta saman shinge, ta tsaya sai ta ga na tauna, wai kada in ba kare.

Haka muka zauna lafiya har bazarar da jinin ya sake tashi.

Ya tashi ne a hankali, kamar ruwa a gona. Likita ya ƙara mata ƙwaya ta uku, wadda ya ce tana hana jiki sakin abin da ke ɗaure jijiya. Ta kira ta Mai Sulhu. Sulhu bai yiwu ba. Ƙafafunta suka fara kumbura, ga ɗaurewar jijiyar sharaɓa da ta dame ta tun hunturu ta ƙaru, har ina jiyo ta daga gidana tana tsine wa ƙafarta.

Daga nan kowa ya buɗe kasuwar zargi. Ita ta fara. Ta ce mai kantin magani ya sauya mata Sarkin Hanya, a da fari ne, yanzu ya koma ruwan ƙwai, alli yake ba ta. Aka nuna mata maganin ɗaya ne, kamfani ne daban, ta ce ai ɓarawo ma sunansa ɗaya ko ya sake riga. Ta koma kan abin awon da ke gidanta, ta zo ta ɗaura mini, ya nuna lafiyata ƙalau, ta ce to ya san ni ne. Ƙarshe ta iso kaina. Na kai mata dafaffiyar kabewa da ban sa wa ko ƙwayar gishiri ba, ta ɗaga murfi ta shinshina.

"Me kika zuba a ciki?"

"Guba, Yaya. Ci ki mutu in huta."

"Kina so a kwashe ni, ki mayar da itacenki jikin shinge."

Na ɗauke kwanona na fita. Na yi kwana biyu ban karɓi farantin Sakuji ba, sai da na tuna mamaci bai yi mini komai ba.

Malama Hosaka tata shakkar daban. Ta zaci ba a haɗiye ƙwayoyin. Ta ce a kawo mata duk wani magani da ke gidan, Mitsuno ta zube mata guda uku a tabarma, ta haɗiye na ranar a gabanta, ta wage baki ta ɗaga harshe.

"Ba wani kuma, Kaka? Ko na ciwon gwiwa, ko na mura? Wasu suna tayar da jini."

"Magani uku aka ba ni, magani uku nake sha. Ko in ɗaga miki tabarmar ki duba?"

Ɗan ƙarfen ya shiga miya, fitila ɗaya ta kama da ƙyar. Malama Hosaka ta kalli butar da ke kan wuta tana tururi. Wanda ya taɓa tuttula ruwa a tukunya, ko miyarsa ta zama ruwan rijiya ba a ƙara yarda da shi.

Ni ma ban yarda ba, in faɗi gaskiya. Wata safiya farantin ya zo mini da yanka kaɗan, na kalli bakinta. Na fara leƙe ta kafar shinge in ta shiga rumbun ganguna. Ban taɓa kama ta ba. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma gakkon Mitsuno yana kiran mutum tun daga bakin gada.

Tatsuo ya zo lokacin bikin tarar magabata, a tsakiyar zafi. Ya ga ƙafafun, ya ga abin awo ya haura ɗari da tamanin. Ya wuce rumbu ya ɗaga dutse, ya ga ganga ta yi rabi.

"Inna, wa ya ci wannan?"

"Ubanka."

"Inna!"

"Ubanka nake ba, Fuki ke cinyewa. Tambaye ta, ga ta can ta manna kunne a shinge."

Na fito, tunda an riga an tona ni. Na ce gaskiya ne, ni nake ci. Ya dube ni irin duban da ake yi wa wanda ya riƙe wa ɓarawo tsani.

"Gwaggo, ke ma da ke? Na ɗauka ke ce idona a nan."

"Ni ba idon kowa ba ce, yaro. Idona ma da ƙyar yake isata."

Ya juya wurin uwarsa. Ya ce shi ba zai zauna a Sendai yana jiran waya ba. In dusar ƙanƙara ta farko ta sauka jinin bai sauka ba, zai zo da mota, a rufe gidan. Ya riga ya gyara mata ɗaki a hawa na tara, da taga mai kallon tashar mota.

Mitsuno ta ce, "Ban ci ba, Tatsuo."

"Haka kika ce wa masu awon miya."

Na san ta shekara arba'in da wani abu, ban taɓa ganin an rufe mata baki ba sai ranar. Ta zauna tana kallon hannuwanta. Ita da ba ta taɓa yarda da kowa ba, ga shi karo na farko tana roƙon a yarda da ita, babu mai saye. Tausayinta ya kama ni, kuma haushin kaina ya kama ni, don ni ma a lokacin ban tabbata ba.

Bayan tafiyarsa ta koma cin shinkafa da dafaffen ganye, ko miyar ta daina. Ta rame a sama, ta kumbura a ƙasa. Jinin ya ƙi. Kullum da safe takan fito ta kalli kan tsauni, ta ga ko ya fara fari.

Lokacin rataye daikon ya zo. Na ce ta bari bana, ta ce in na ga ta bari to an ƙone ta. Na je taya ta, ina miƙa mata igiya tana kan ɗan benci. Sai na ga ta ɗaga hannu ya ƙi wuce kafaɗa. Ta sake gwadawa. Ƙafafunta suka lanƙwashe, ta sulale ƙasa kamar buhun da aka zare wa ɗinki. Na ce shi ke nan, ta same ta. Na ƙwala ihu. Tana kwance cikin toka ta ce, "Rufe mini baki, Fuki, kada a zo a ƙirga mini daikon." Da na ji bakin bai karkace ba, harshen ma yana nan da kaifinsa, sai na ɗan sami numfashi.

A asibitin gari aka ɗauki hoton kanta, ba a ga komai ba. Sai jini ne ya yi magana. Likita ya zo da fuska a ɗaure, ya ce wani sinadari da tsoka da zuciya suke aiki da shi ya kusa ƙarewa a jikinta, da ta ƙara kwana biyu zuciyar ce za ta rikice. Ya ce Hana Zama takan rage shi, amma ba haka ba. Akwai abin da yake taya ta.

"Kaka, kina shan wani abu da ba mu muka ba ki ba?"

"Na gaya wa yarinyarku. Uku ne."

Aka kwantar da ita, aka sa mata ruwa. Ta aike ni gida in kwaso mata kaya: rigar barci, tabarau, haƙoran roba, da gwangwanin shayi mai zanen furanni da ke kusa da shimfiɗarta. Ta ce kada in manta da shi, in ba shi ƙafar ba ta barin ta. Na kawo. Malama Hosaka ta zo dubiya, tana zaune a gefen gado, Mitsuno ta buɗe gwangwanin ta zaro 'yar ƙaramar leda, ta yage, ta nemi ruwa.

"Kaka, tsaya. Mene ne wannan?"

"Garin ƙafa ne."

"Na tambaye ki magani, kika ce uku."

"To wannan magani ne? Saiwa ce. Kakanninmu ma sun sha. Magani shi ne abin da likita ya rubuta."

Malama Hosaka ta karanta bayan ledar, ta tashi ba ta ko sa takalmi daidai ba, ta dawo da likita. Shi ma ya karanta. Ya tambayi sau nawa take sha. Ta ce da sau ɗaya ne in ƙafar ta ɗaure, da ɗaurewar ta ƙaru sai ta mayar da shi safe da rana da yamma. Tun yaushe? Tun ƙarshen hunturu.

Ya zauna. Ya ce garin ba na banza ba ne, yana sakin ƙafa, amma na a sha sau ɗaya ne a ajiye. Rabinsa wata saiwa ce mai zaƙi da muke kira kanzo. In aka dimance ta, sai ta sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa ta zubar da wancan sinadarin. Wato duk abin da ƙwayoyi uku suke kwancewa da safe, garin yana ɗaurewa kafin yamma. Sinadarin yana raguwa, ƙafa tana ƙara ɗaurewa, ita kuma tana ƙara shan garin.

"Ke nan ba gishiri ba ne," in ji ni.

Likita ya ce, "Ko ɗan gishirin da ke cikin ganye ta ci, jikin ba ya sakinsa. Wa ya ba ki, Kaka?"

Ni na san amsar kafin ta buɗe baki. Na sha ganin irin ledar a cikin kwalin Sendai, tsakanin safa da alewa. Ta taɓa yi masa ƙorafin ƙafa a waya sau ɗaya, shi kuma da ba ya iya jin ciwo ya yi shiru, washegari ya shiga kanti ya sayo. Raina ya yi fari tas. Na ce a zuciyata yau Mitsuno ta ci gari: ba Sendai, ba hawa na tara, kuma yaron da ya kira ta maƙaryaciya zai durƙusa.

Ta rufe gwangwanin a hankali. Ta ce, "Ni na saya."

"Yaya!"

"Ni na saya, a motar masu talla. Ke kuma, Fuki, in kika buɗe wannan bakin naki, ko na mutu sai na dawo na zauna miki a kan shinge."

Ta juya ga likita ta ce ɗanta yana hanya, kada a ambaci garin. Likita ya ce shi ba zai yi ƙarya ba, amma ciwonta sirrinta ne, ba zai faɗi abin da ba ta yarda ba. Sharaɗinsa ɗaya, kada ta ƙara kai shi baki, kuma duk abin da za ta sha nan gaba, ko ganye ne ko saiwa, a nuna masa tukuna. Ta miƙa wa Malama Hosaka gwangwanin. Da suka fita na matso.

"Kin haukace? Kalma ɗaya ce za ta wanke ki."

"Ke kika same shi a bayan ɗakin hayaƙi, ba ni ba. Ke kika gaya mini yadda goshinsa ya yi." Ta gyara bargo. "Shekara goma da wani abu yana ɗauke da uban. In ɗora masa uwa?"

Tatsuo ya iso da yamma, da rigar aiki a jikinsa. Ya tsaya a ƙofa yana haki, ya kasa shigowa. Ita ta kira shi. Ban taɓa jin ta yi magana da laushi haka ba.

"Zo, Tatsuo. Na ci. Duk lokacin nan ina ci a ɓoye. Ka yi gaskiya."

Ya sauke numfashi, kamar wanda aka cire wa ƙaya. Bai yi faɗa ba. Ya riƙe hannunta ya ce ya sani, ya sani, ba komai. Ta ce ya ƙara mata lokaci zuwa sabuwar shekara, wannan karon da gaske take. Kuma ya daina aiko garin ƙafa, likita ya ba ta nasa, kada su haɗu. Ya ce to. Sannan ya ce shi ma da nasa sharaɗin: muddin gangunan suna gidan, ba zai yarda ba.

Na zuba mata ido. Gangunan nan sun girmi Tatsuo, sun girmi aurenta. Ta ce, "Kwashe."

Kafin a sallame ta jinin ya fara sauka, ƙafafun suka sace. Da dusar ƙanƙara ta farko ta zo, likita har ya janye ƙwaya ɗaya. Duk ƙauye aka ce ai ga shi, da ta daina satar ci ta warke. Masu zuwa shan shayi suka sami abin taunawa har ƙarshen hunturu. Malama Hosaka takan ji, ta sunkuyar da kai.

Ranar da Tatsuo ya zo da motar ɗaukar kaya, ina tsaye a shinge. Ya fitar da gangunan ɗaya bayan ɗaya, zai kai wa wata ƙungiyar mata a ƙauyen gaba. Daikon ɗin da muka fara ratayewa sun yi baƙi, ya zubar a rami. Ya kawo katako ya gicciya a ƙofar ɗakin hayaƙi, ya buga ƙusa. Mitsuno tana zaune a bakin baranda da bargo a gwiwa, tana gaya masa ya riƙe gangar ƙarshen da kyau, gindinta ya saki. Da ya gama ya zo wurina yana share gumi, fuskarsa a sake, irin sakin da ban gani ba tun mutuwar ubansa.

"Gwaggo, ki yafe mini maganar da na yi miki. Amma ki riƙa sa mata ido. Kin san Inna, a kan gishiri ba ta da gaskiya."

Maganar ta zo mini har kan harshe. Na hango ta bayan kafaɗarsa, ta kafe ni da ido. Na haɗiye, ta wuce da zafi.

Na ce, "Na san ta."

Washegari da safe na ji ana ƙwanƙwasa shinge. Tana tsaye da ɗan farantin Sakuji, wayam. Ba ta dube ni ba, kan tsauni take kallo.

"Ki yanko mini wannan abin naki. Ba zai karya kumallo haka ba."

Na yanko mata mafi kyau a gangata. Ta ɗaga yanka ɗaya, ta juya shi sama da ƙasa, ta shinshina, ta taɓe baki.

"Zai ɗauka ni na yi," ta ce. Sannan ta shiga da shi.